Sada da Jar Motar Maiturare

Sada makanike yana da karambani, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. In ka kai masa mota ya ɗaure maka birki, sai ka dawo ka tarar da kafireta a kwance cikin tasa, yana wanke ta da fetur yana murmushi. In ka yi faɗa, sai ya ce, "Ban taɓa ganin cikin irinta ba ne." Iyakar uzurinsa ke nan.

Ɗan manomi ne daga Dutsi. Yana saurayi ya kwance keken ɗinkin kawunsa ana jajibirin Sallah, kayan mutane jibge, shi ya sa ubansa ya tura shi Kano wurin masu gyaran manyan motoci. Ya dawo Daura da hannu mai kyau, ya kafa rumfa kusa da tasha, ya haƙa ramin duba ƙarƙashin mota. Duk abin da ya kwance yakan mayar daidai, amma sai ya gama kallo. Don haka da arzikin man fetur ya shigo, malaman makaranta da akawuna suna ta sayen motoci, ba wanda ya kai masa sabuwa. Sai tsofaffin a-kori-kura. Matarsa Haulatu ta riga ta gaya masa, in damina ta same su a haka, gona za su koma.

A shekarun nan Alhaji Maiturare, falken shanu mai cin kasuwar Babban Mutum, ya sayo wata mota wurin wani Bature mai aikin hanya da zai koma gida. Ja ce wur, kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta kwanta. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, babbar riga ma sai an naɗe. Alhaji ya gina mata ɗakin ƙasa, ya lulluɓe ta da tabarmi, ba ta fita sai an yi babban dalili. Bayan wata damina ya fito da ita zuwa ɗaurin aure, ya dawo, da safe ya ga mai ya ɗiga a ƙarƙashinta. Ya shirya a loda ta a motar shanu a kai Kano washegari.

Sada ya ji labari, ya bar abincinsa ya tafi. Ya durƙusa ya dangwali man, ya kai hanci. Ba baƙin man inji ba ne. Wannan mai kauri ne, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Man giya ne, Alhaji. Ka ba ni ita yini ɗaya."

"Kai? In dawo in same ta a cikin tasa?"

"Ba zan kwance ko noti ɗaya ba."

"To ajiye sifanunka a zaurena. Ni zan tuƙa, ni zan tsaya a kanka."

Sada ya juye jakar kayan aikinsa a gaban Alhaji, har da ƙaramar sifanar da ke aljihun wando. Kafin motar ta hau ramin, rabin tasha ya taru. Direbobi suna cewa kowa ya kalle ta da kyau, don yau ne ƙarshen ganinta a haɗe. Sada ya san abin da suka zo gani. In ta bar hannunsa lafiya yau, gobe motocin akawuna za su tsaya a rumfarsa. In ba haka ba, sai fartanya.

Ya shiga ramin, ya ɗaga kai, sai ya manta da su duka. Giyabos ɗin siriri ne, fari, an ƙera shi tsaf. Hannunsa ya je aljihu da kansa, bai sami komai ba. Ya wanke shi da kananzir ya goge har ya bushe, sannan ya haura gida da sauri.

"Haulatu, ba ni toka. Mai laushi, ki tankaɗe."

"Malam, tuwo za a yi wa motar?"

"Tankaɗe dai."

"Ka mayar mini da rariyata yadda take. Kada in ji ka ce kana son ganin cikinta."

Ya barbaɗe giyabos ɗin da toka har ya yi fari fat. Aka jira. Ba ɗigo ko ɗaya. Ya ce sai ta yi zafi, dole a hau hanya.

Suka nufi Sandamu, Alhaji a sitiyari, hula tana gogar rufi, yana tafiya kamar mai bin garke.

"Alhaji, a haka jaki zai wuce mu. Saka giya ta uku. Taka. Yanzu ta huɗu."

Motar ta yi gurnani ta miƙe. Itatuwan gawo suka fara wucewa da gudu, mata masu tallar nono suka koma gefen gona suna riƙe ƙwarya. Alhaji yana salati yana dariya lokaci guda, bai kuma ɗaga ƙafa ba. Sada ya ɗora tafinsa a gindin sandar giya yana jin ɗumi yana hauhawa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da suka dawo ya faɗa ramin tun injin bai huce ba. Tokar ta nuna komai. Mai ya jiƙa ta a baya, inda farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ta shiga. Ya jiƙa ta a gefe, inda wayar mitar gudu ta fito. Har ta sama ya tsattsafo. Alhaji ya tattare riga ya leƙa, ya ga zane-zanen baƙi ta ko'ina.

"Ta lalace ke nan. To, Sada, aika a kawo sifanunka. Buɗe ta."

Abin da Sada ya daɗe yana so ke nan tun ran da motar ta shigo gari. Amma kansa ya riga ya tafi wani wuri. A robobin da ke tare mai, ɗaya takan mutu, ba duka rana ɗaya ba. In mai na fita ta kowace kafa sai an yi zafi, to wani abu ke turo shi daga ciki. Kowane giyabos yana da ɗan hanci a sama inda iska mai zafi ke fita. Ya cusa hannu can sama yana lalube, ƙarfe yana ƙona shi, har yatsansa ya taɓa hancin. A toshe yake da wani abu mai tauri, mai kaushi kamar bangon ɗaki.

Da ya yi shiru, da ya samu ya buɗe ta, ba kuma wanda zai sani. Ba tsoron Allah kaɗai ya hana shi ba. Mutum ne da ba ya iya gano abu ya riƙe a ciki.

"A ba ni tsinken tsintsiya."

Ya soka, ya juya. Aka ji fus, iska ta fito. Busasshiyar laka ta zubo masa a fuska, tare da matattun gizo-gizo. Ya fito daga ramin da su a tafin hannu, yana zagaya taron yana nuna wa kowa.

"Zanzaro ne. Ya ga an gina mata ɗaki an rufe, shi ma ya gina nasa."

Tasha ta kaure da dariya. Aka cika man giya, aka sake barbaɗa toka, aka sake zuwa Sandamu, wannan karon ba wanda ya ce wa Alhaji ya taka. Suka dawo tokar a bushe. Motar shanu ta tafi Kano da shanu kawai.

Sati bai zagayo ba wani malamin makaranta ya kawo sabuwar motarsa, ya zauna a benci yana gadi. Haka aka ci gaba da yi da Sada har ya tsufa: a kawo masa aiki, a tsaya a kansa. Bai ji haushi ba, ya ma ƙara benci. Dutsi sai ziyara.

Ran nan dai, da Alhaji ya tambaye shi ladan aikinsa, Sada ya goge hannu a wando ya ce, "Ka daina rufe ta, Alhaji. A riƙa fita da ita kowace Juma'a, ta yi gudu har ta yi zafi. In kana kasuwa, ko ƙafarka na ciwo, don Allah a aiko a kira ni."