Ranar da Muka Yanka Kabad ɗin Shafa'atu

A duk shekarun da na yi ina jere, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa, da wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagonmu a Kalgo riƙe da igiya. Igiyar na fara gani kafin fuskarsa. Irin ta shanya ce, shuɗiya, an ƙulla ta wuri uku, ya naɗe ta a yatsu kamar carbi. A bayan hannunsa kuma akwai tabon ƙunar mai, sabo da tsoho, irin wanda ban saba gani a hannun namiji ba.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, bari in faɗa muku yadda muke a lokacin. Uwar ɗakinmu Hajiya Kulu ce, ita ke karɓar aiki, ita ke da magana ta ƙarshe. A ƙarƙashinta akwai mai awo, wadda ke zuwa ta duba ɗakin amarya, ta auna, ta tsara inda kowane kaya zai zauna. Sai sauran mata masu shimfiɗa leda, rataya labule da goge kwanuka. Ƙa'idar jere kuwa ɗaya ce tun iyayenmu: ki tsaya a bakin ƙofa, inda 'yan ganin ɗaki za su tsaya, ki tabbata abin da ya fi daraja shi idonsu zai fara sauka a kai. Kabad ya fuskanci ƙofa, kuloli da tangaran su hau sama, kujeru su yi layi. Ni wata uku ke nan da aka ɗaga ni zuwa mai awo, kaina kuma cike yake da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. Duk ɗakin da na shiga, amaryar littafi nake jerawa.

Mutumin ya ce sunansa Malam Sanusi, yana koyarwa a wata firamare a Gwandu. Matarsa Shafa'atu, shekararsu biyu da aure lokacin da babur ya kife da ita a hanyar dawowa daga gidan iyayenta a Dodoru. Ta rayu, amma ƙafafun sun daina ɗaukarta, sai keke. Gidansu ciki da falo ne. Madafar kuwa wata rumfa ce a can ƙarshen tsakar gida, ga matakala biyu, ga yashi mai riƙe taya. Shi ke girki kafin ya tafi makaranta.

Mahaifinta, wanda suke kira Baffa, ya ce ba zai bar ɗiyarsa ta zama nauyi a gidan wani ba. Juma'a ta sama zai zo da mota ya mayar da ita wajen uwarta. Bai ambaci saki ba, amma kowa ya san matar da aka kwashe da kayanta ba ta cika dawowa ba. Malam Sanusi ya roƙe shi, har tsohon ya yarda da sharaɗi ɗaya: idan ya zo ya tarar ta ɗora tukunya ta sauke da hannunta, babu wanda ya taimaka, zai bar ta. Shi ya sa yake so mu mayar da falon ya zama madafa, ya zama wurin cin abinci, ya kuma ci gaba da zama falo.

Sai ya warware igiyar a kan teburin Hajiya. Ƙullin farko tsawon falon ne, na biyu faɗinsa.

Na tambaye shi na ukun fa.

Ya ce, "Nan hannunta yake kaiwa idan tana zaune."

Na rubuta na farko da na biyu. Na ukun kuwa, zuciyata ce ta narke. Ina ta kallon tabon hannunsa ina cewa a raina ko a littafi ban taɓa karanta miji irin wannan ba. Na shagala da daɗin maganar har ban rubuta awon ba.

Washegari na tafi Gwandu da mata biyu. Shafa'atu siririya ce, fara, mai manyan idanu masu sanyi, irin waɗanda marubuta ke ɓata shafi guda suna kwatantawa. Ta yi kwalliya ta tarbe mu, ta ce a yi haƙuri ba za ta iya kawo mana ruwa ba. Falon taku shida ne da taku huɗu, amma kayan da ke cikinsa na babban gida ne: doguwar kujera ɗaya, manya biyu masu hannu, da wani kabad mai madubi da zanen furanni wanda ya kusa taɓa rufi. Ta ce Baffa ya sayar da sansa da ya fi so ya saya mata shi.

Kwana biyu muka yi. Na juya kabad ya fuskanci ƙofa, na jera tukwane a sama daga babba zuwa ƙarama suna ƙyalli. Na ɗora murhun gas a kan tebur a lungu, na ja labule mai ruwan hoda ya ɓoye shi don kada baƙo ya ga girki. Na matsa kujeru suka yi layi, na ajiye ƙaramin tebur a tsakiya da furen roba. Na tsaya a bakin ƙofa na duba, na ji daɗi.

Shafa'atu ta ce, "Ya yi kyau, Anti Luba. Kamar ranar da aka kawo ni."

Na ɗauka yabo ne.

A ƙa'idarmu ba a miƙa aiki sai uwar ɗaki ta gani. Rana ta uku Hajiya Kulu ta biyo ni. Muna yin sallama muka tarar da Shafa'atu a gaban kabad, ta miƙe hannu iya ƙarfinta tana ƙoƙarin janyo tukunya da muciya. Murfin ya zamo ya bugi kafaɗarta ya faɗi yana ta juyi a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye muciyar a cinya ta gaishe mu kamar ba abin da ya faru.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta nemi izinin Shafa'atu, muka kama ta muka zaunar da ita a doguwar kujera. Sannan ta nuna mini keken.

Ta ce, "Zauna, Luba. Shayi nake so. Idan ƙafarki ta taɓa ƙasa, gobe ki koma goge kwanuka."

Na zauna. Nan take ɗakin ya zama wani ɗaki daban. Kabad ɗin da nake alfahari da shi ya tsaya a kaina kamar katanga. Na tura keken, taya ta maƙale tsakanin kujera da teburin fure. Na yi baya, na bugi bango. Da ƙyar na kai lungun murhu, sai labulen ya nannaɗe hannuna, ga wutar daidai fuskata, ko cikin tukunyar ba na gani. Sukari yana sama, ashana tana sama. Tagar ma ta fi ƙarfina, ba na ganin komai sai wani yanki na sama. Wannan shi ne abin da yarinyar nan take kallo tun safe har mijinta ya dawo.

Ina cikin kokawa da taya sai na ji dariya a bayana, ƙarama, kamar wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba.

Shafa'atu ta ce, "Ki riƙe ta hagu ki ja ta dama, Anti. Wannan tuƙin naki, ko ɗan acaba a ranar farko ya fi ki."

Kusan awa guda na yi, shayi bai samu ba. Da Malam Sanusi ya dawo daga makaranta, na roƙe shi igiyar, kaina a ƙasa.

Daga ƙulli na uku muka sake komai. Na zauna a keken na zagaya ɗakin da alli, na ja layi a bango iya inda hannu yake kaiwa. Abin da ake taɓawa kullum ya zauna ƙasa da layin, abin da ake ɗauka sau ɗaya a shekara ya hau sama. Tsakiyar ɗaki ta zama fili, yadda keke zai juya gaba ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba. Don haka kujerun nan biyu masu hannu suka fita tsakar gida. Magini ya fasa dokin ƙofa ya yi gangara, ya sauke taga, ya gina ɗan dakali a ƙarƙashinta mai rami a ƙasa inda gwiwoyi za su shiga, aka ɗora murhu a kai don tururi ya bi taga. Tukunyar gas ta koma waje a inuwa, tiyo ya ratso ta bango. Labule ya bar kusa da wuta. Shafa'atu ce ta tuna mana cewa tuwo ba ya tuƙuwa idan babu ƙafar da za ta danne tukunya, sai muka sa maƙeri ya yi zoben ƙarfe da zai riƙe ta.

Saura kabad. Ko ta ina muka juya shi, rabinsa yana sama da layin, kuma ya cinye bangon da ake bukata. Kafinta ya ce sai dai a raba shi biyu. Hajiya ta ce wannan ba hurumin mai jere ba ne, ba na miji ba ne kuma. Kayan ɗaki na mace ne, uba kuma ya saye su ne don a gani a san ɗiyarsa ba a banza ta zo ba. Yanka shi kamar mayar masa da kyautarsa ne a gaban mutane. Yana iya zuwa ya ga haka ya fasa sharaɗin ma gaba ɗaya.

Duk muka juya ga Shafa'atu. Ta daɗe tana kallon kanta a madubin, wanda fuskarta kaɗai yake kamawa daga can ƙasa.

Ta ce, "A yanka."

Rabin ƙasa ya tsaya kusa da murhu ya ɗauki tukwane da kayan miya. Rabin sama aka kwantar da shi, aka sa masa ƙafafu ya zama teburin cin abinci a gaban doguwar kujera, tsayinsa daidai yadda mai keke da mai kujera za su ci ido cikin ido, babu wanda ya yi wa wani sama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Baffa tsoho ne siriri, da sanda a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofar falon, idonsa ya tafi kai tsaye inda kabad ya kamata ya kasance, ya tarar da bango. Ya zauna a doguwar kujera. Malam Sanusi ya fita tsakar gida kamar yadda aka yi sharaɗi, ni da Hajiya muka shige ciki muna leƙe ta labule.

Ban taɓa ganin uba ya zauna yana kallon ɗiyarsa tana girki ba. Ta wanke shinkafa, ta ɗora. Ta gyara busasshen kifi, ta kaɗa kuka. Tana juya keken nan daga kabad zuwa murhu, daga murhu zuwa randa, ba gaggawa. Da aka zo tuƙi ne abin ya yi tsanani. Muciya ta yi nauyi, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, kafaɗarta tana rawa. Sau biyu ta tsaya tana numfashi. Na yunƙura zan fita, Hajiya ta damƙe wuyan hannuna har sai da ya yi shati. Zoben ya riƙe tukunyar. Shafa'atu ta sake kama muciya da hannu biyu, ta tuƙa har ya yi santsi, ta malmala, ta ɗora kwano a cinya ta kawo gaban mahaifinta da ruwan wanke hannu.

Ya yi bismillah ya ci loma uku. Sai hannunsa na hagu ya bi gefen teburin, yatsunsa suka tsaya a kan zanen furen. Ya sunkuya ya duba. Ya juya ya dubi ɗaya rabin da ke kusa da murhu.

Ya ce, "Wa ya yanka shi?"

Ta ce, "Ni na ce a yanka, Baffa."

Tsohon ya daɗe hannunsa a kan furen. Sannan ya mayar da ido kan kwano.

Ya ce, "Gishirin ya yi yawa. Hannun uwarki kika ɗauko, har yau."

Ya cinye tuwon tas, ya suɗe yatsu. Ya fita tsakar gida ya kira direba, ya ce a ɗora kujerun nan biyu, kada mota ta koma ba komai. Ya kama hannun Malam Sanusi, ya juya bayansa ya dubi tabon, ya ce daga yau ya bar wa masu girki girkinsu. Bai koma ya yi wa ɗiyarsa sallama ba. Ina jin ba ya so ta ga idonsa.

Tun daga ranar na daina tsara ɗaki daga bakin ƙofa. 'Yan ganin ɗaki yini ɗaya suke yi su tafi, mai ɗakin kuwa ita za ta kwana ta tashi a cikinsa. Shi ya sa duk wadda ta zo koyon awo a wurina, kafin in ba ta magwaji sai na zaunar da ita inda matar gida za ta zauna, ta miƙa hannu ta ji abin da ya zo da abin da ya ƙi. Ƙaramin gida ba ya yafe kuskure, kuma mutanenmu ba za su ce miki kin ɓata ba. Za su ce ya yi kyau.

Shafa'atu ta yi shekara tara a ɗakin nan, ta haifi ɗiya mace a cikinsa, ta yaye ta, ta sa ta makaranta. A daminar bara Allah ya karɓi abarsa bayan gajeriyar jinya. Ban samu zuwa gaisuwa ba sai bayan arba'in. Na yi sallama da la'asar, na tarar da Malam Sanusi, gemu ya fara fari, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan 'yar kujerar tsuguno a gaban murhun, bayansa a tanƙware, yana kaɗa miya. Ɗiyar tana teburin tana aikin makaranta. Na ce masa idan yana so zan turo magini ya ɗaga dakalin, aikin yini ɗaya ne, bayansa zai huta.

Ya yi godiya. Ya rage wutar, ya rufe tukunya.

Ya ce, "Bar shi haka, Malama Luba. Idan na miƙe tsaye a ɗakin nan, sai in ji kamar gidan wasu na shigo."