Murhun Bayan Sito

Shekara biyu na yi ba na aiki. Na kai matata Yerwa wurin danginta don jinya, a can muka binne ta. Da na dawo Kano, na tarar da ɗakinmu na Fagge yadda muka bar shi.

Aikina a wani kamfanin inshora da ke Sabon Gari shi ne in duba sito ko mota, in rubuta ko kamfani zai ɗauki nauyin asara idan gobara ko haɗari ya auku. Na koma na tarar an ba wani teburina, waɗanda na sani kuma duk an yi musu canjin gari. Baturen ofis ya ce in je in duba wani siton gyaɗa a Fagge. Idan rahotona ya gamsar da shi zai mayar da ni, idan ba haka ba in nemi wani aikin.

Na hau keke da hantsi. Ginin ba laifi, rufin kwano ne, buhuna a kan katako. Amma ƙa'idarmu sai an zagaya gini a ƙafa, kuma kada a sami wuta cikin taku ashirin daga bango. A bayan siton na tarar da wata tsohuwa tana toya waina. Na ƙirga, taku shida ne.

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Kai, ba mijin Babarbariya ba ne? Ni nake kai mata waina har cikin gida ran Juma'a."

"Ni ne, Inna."

"To ina ta shige? Ko ta sami mai wainar da ta fi ni ne?"

Na faɗa mata. Ta yi salati, ta daɗe tana addu'a har wainar ta ƙone a tanda.

"Kullum sai ta yi mini tsiya, wai Kanawa ba mu iya miya ba. Allah ya jiƙanta, ɗana."

Mutane da yawa sun yi mini ta'aziyya, amma tun dawowata ba wanda ya faɗi wata magana da ta fito daga bakinta sai wannan tsohuwa. Na zauna a kan wani dutse, ta yi ta ba ni labarin matata har azahar.

A ofis na daɗe riƙe da alƙalami. Na san abin da zai biyo baya idan na rubuta gaskiya. Na kuma san Baturen yakan je da kansa ya sake aunawa. Na rubuta taku shida.

Ran Litinin aka mayar mini da teburina. Aka aika wa mai sito cewa sai ya kawar da wutar kafin kamfani ya ɗauki nauyin siton.

Bayan mako guda na bi ta wurin. An share bayan siton tas, sai baƙin hayaƙi a ƙasa. Na tambayi maigadin siton inda tsohuwar ta koma. Ya ce ya ji wai wajen 'yarta ta tafi, amma bai san unguwar ba.