Gidana a Kan Teburin Ɗan Haya

Aikin sito na yi a wata ma'aikata har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya bar mini shi ne son ganin kowane abu a wurinsa. Gidana na unguwar Ƙofar Ran a Bauchi haka yake. Daga titi sai zaure, daga zaure sai lungu, daga lungu sai tsakar gida inda iyalina take. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. A gefen zauren akwai ɗaki guda mai kallon titi, ba shi da hanya zuwa ciki. Shi na ba da haya.

Wanda ya kama shi wani saurayi ne Kirista daga kudu, mai gyaran firinta a wani shago kusa da barikin Shadawanka. A shekarun nan ne aka cika hanyoyi da shingayen bincike, mai unguwa kuma ya tara mu ya ce duk wanda ya sauki baƙo shi zai amsa tambaya a kansa. Don haka na sa wa yaron ido tun ranar da ya sauke katifarsa daga keke.

Shara na fara lura da ita. Kullum ƙofarsa da guntayen kwali masu launi. Na ɗauki ɗaya, sai na ga zanen taga da jan bulo. Bayan shara sai warin gam. Bayan warin gam sai baƙi: ran Lahadi in an taso daga coci, wasu mutum biyu za su zo, ɗaya da askin soja, su shiga su saki labule. Daga zaure nake jin ana cewa a ɓuya a bayan gini, ko a ce an kashe mutum uku. Sai dariya.

Ban je wurin mai unguwa ba, domin ba na kai maganar da ban gani da idona ba. Na jira baƙin suka tafi, na yi sallama.

Tebur ne ya cinye rabin ɗakin, a kansa kuma gari guda. Gidaje na kwali, mafi tsayinsu bai wuce kofin shayi ba, masu tsinin rufi da bututun hayaƙi. Ga gada, ga gini mai rusasshen bango. A tsakaninsu sojojin roba kamar ɗan yatsa.

"Wane gari ne wannan?" na ce.

"Babu shi, Baba. Wasa ne."

Ya nuna mini yadda ake yi. A intanet yake samo zanen gidan a shimfiɗe, bango huɗu a jere da rufi a gefe. Ya buga a takarda mai kauri a wurin aikinsu, ya yanke da reza, ya ja layi da rula, ya lanƙwasa, ya shafa gam. Rufin ba ya manne shi, don a ɗaga a sa soja a ciki. In za su yi yaƙin, da tef irin na tela suke auna tafiyar kowane soja, su jefa ɗan lido ya raba musu gardama.

"Mai askin sojan fa?"

"Kofur ne, Baba. Kullum ni ne nake cinye shi."

Aikin da tsabta, wannan na yarda. Yankan a miƙe yake, babu gam da ya tsiyayo. Amma ban saki fuska ba. Da zan fita na ce masa duk gidajen nan babu wanda ɗan Bauchi zai iya kwana a cikinsa. Ni faɗa kawai na yi. Shi ashe ya ɗauka.

Bayan 'yan makonni ya tare ni ina dawowa daga la'asar, yana ta murmushi, ya ce in zo in ga abu. A tsakiyar teburin, tsakanin gidajen Turawa, ga gidana. Zauren ne, har da koren fentin ƙofa. Wannan bai dame ni ba, kowa yana ganinsa. Abin da ya tsayar da ni bayan zauren ne: tsakar gida, bishiyar mangwaro a inda take, rijiya a kusurwarta, ɗakina, ɗakin maiɗakina, kicin, banɗaki. Ya ɗora wani soja mai bindiga a kan rufin kicin.

"Ya yi kyau, Baba?"

Na cire sojan na ajiye masa, na ɗauki gidan da hannu biyu na fita.

A zaure na zauna ina lissafi. Ko dai ya shiga gidan ba na nan, ko wani na ciki ya zana masa, a ciki kuma daga ni sai maiɗakina, 'ya'yanmu duk sun yi gidajensu. Ko wanne ne, yaron ba zai ƙara kwana a ɗakin ba, kuma da safe mai unguwa zai ji. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar da zan yi a cikin gida.

Na sami maiɗakina tana tsince shinkafa, na ajiye abin a gabanta.

"Wa ya shigo gidan nan ba na nan?"

Ta dubi kwalin, ta ja da baya da tiren. "Malam, wannan ai asiri ne. Fita da shi a ƙone."

"Tambaya na yi."

"Ni da ko gemu gare shi ban sani ba? Muryarsa kawai nake ji in yana waƙar cocinsu."

Na ce to, za mu bi shi ɗaki-ɗaki kamar yadda ake ƙirga kayan sito. Na juya shi har zaurensa ya daidaita da zauren gaske. Mangwaro daidai. Rijiya daidai. Da muka zo ɗakinta ta sa yatsa, sai ta yi dariyar da ban so ba.

"Duba inda ya huda mini ƙofa. Tana kallon bakin lungu, duk mai shigowa ya hango gadona. Wace mace za ta yarda da wannan?"

Ƙofar tata ta gaske mangwaro take kallo. Ta kicin ma ya sa ta a bangon da murhu yake. Na ɗaga rufin banɗaki, na ga ya zana rami da wurin ɗora ƙafa, ya fuskantar da su gabas sak. Duk wanda ya taɓa shiga gidan Musulmi, ko Musulmi ya kwatanta masa, ba zai juya banɗaki ya kalli alƙibla ba. Na mai da rufin.

"To, Malam," ta ce, ta jawo tirenta, "an gama binciken nawa, ko da saura?"

Na ce da saura, amma ba nata ba.

Na koma wurin yaron. Wannan karon babu murmushi, ya gane akwai magana.

"Yaya aka yi ka san inda rijiyata take?"

Ya ciro waya ya latsa, ya miƙo mini. Unguwarmu ce daga sama, hoton tauraron ɗan'adam. Ya buɗa shi da yatsu biyu, sai ga rufin gidana, ga duhun mangwaro, ga ɗigon rijiya. Har wani farin layi na gani, wanda na tabbata shanya ce.

"Wa yake iya ganin wannan?"

"Kowa, Baba. Duk mai waya."

"Ƙofofin fa?"

"Cinta na yi. Ba a ganinsu daga sama." Ya ɗauko rezarsa. "In ban yi daidai ba, ka nuna mini, yanzu in gyara."

Na dube shi sosai. Da gaske yake, bai san abin da yake roƙo ba.

"Bar su a inda ka sa su," na ce.

Na gindaya masa sharuɗɗa. Ɗakin nasa ne, ya zauna. Gidana ba zai koma teburin ba, kuma kofur ba zai gan shi ba. Ba zai ƙara buga gidan kowa na unguwar nan ba. Ya ce ya yarda. Na sa shi ya manne duk rufin da gam a gabana, na karɓa na ɗora a kan kanta a zaure.

Mai unguwa bai ji komai daga bakina ba. Kafinta na nema a makon, ya kafa mini rumfar kwano tun daga bakin rijiya har inda ake shanya. Maiɗakina ta yi ta mita cewa kaya ba sa bushewa da wuri. Na ce ta yi haƙuri, za su bushe.