Randunan Kawu Maccido

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha takwas ga watan Safar na shekarar 1373, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawu Maccido masunci a gidansa da ke shiyar masunta, a Wurno. An yi masa sutura kafin magariba. Mutane na cewa ciwon hannu ne ajalinsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ni Halliru, ɗan ƙanwarsa, malamin duba-gari, na san inda ciwon ya faro, domin ina tsaye a wurin da ludayin aikina a hannu.

Kawu, duk wanda ya san ka ya san randunanka tara da ke jere a ƙarƙashin rumfa. Ka shimfiɗa wa kowace yashin gulbin Rima, ka kifa tsingaro a ciki don ƙananan ƙurungu su sami maɓoya. Bayan kowane kwana uku sai ka rage ruwan, ka ƙara sabo daga gulbi, ba ka yarda da na rijiya ba. Kana yi musu kiwo da gara da dusa. Masunta 'yan uwanka sun daɗe suna yi maka ba'a, wai kowa kifi ke ciyar da shi, kai kuwa kai ke ciyar da kifi. Murmushi kawai kake yi, ka ci gaba da tsintar gararka.

Amma su masu dariyar, idan komarsu ta kamo abin da ba su gane ba, ƙofarka suke nufa. Daga Rabah ake zuwa, daga Goronyo ake zuwa, da kifi cikin gora. Na tuna ranar da Mu'azu na Goronyo ya rantse cewa ƙurungu biyun da ya kawo iri ɗaya ne. Ka ɗora su a tafin hannunka, ka nuna masa cewa gashin bakin ɗaya yana da rassa masu kauri, na ɗayan sirara ne, kuma ɗigon jikin na farko ya tsaya a gindin wutsiya, na biyun ya zarce har ƙarshenta. Mu'azu ya ce shekara talatin yana su, bai taɓa kallon bakin kifi ba sai dai cikinsa.

Akwai wanda ka fi so, mai baƙin tumbi, mai iyo a rigingine. Baƙo na ganin sa sai ya ce mutuwa zai yi. Kai kuwa ka san halittarsa ke nan, kuma shi ne ke tsince 'ya'yan sauro daga saman ruwa. Da irinsa ka rufa wa tsofaffin matan shiyarku asiri. Duk wadda ba ta da ƙarfin wanke randa kullum, sai ka jefa mata ɗaya a ciki, don kada duba-gari ya sami tsutsa a kai ta gaban alƙali. Wannan duba-garin ni ne. Shekara shida ina tsoma ludayi a randunanka, ko sau ɗaya ban ɗebo tsutsa ba.

A ƙarshen daminar bana zazzaɓi ya yi yawa, wani sabon Baturen tsabta ya zo rangadi. Dokarsa guda ce: duk ruwan da ke buɗe a zubar. Da safen nan ya riga ya yi mini tsawa a gaban leburori a kan wani gida, sannan muka shiga naka. Ya tsaya nesa da rumfar, ya nuna randunan da sandarsa. Ka dube ni ka ce:

"Halliru, hwaɗa mai shi leƙa. Leƙawa kawai, shi gani da idonai."

Baturen ya tambaye ni me tsohon ke cewa. Na ce masa kana cewa ka ji, ka bi. Abin da na faɗa ke nan, Kawu, kuma yau na rubuta shi don kowa ya sani. Tsoron tsawa ta biyu ne ya kama ni, da tsoron kada a ce ina kare ɗan uwana.

Leburori suka tuntsurar da randa takwas a kan yashi mai zafi. Wanda bai taɓa jin gurnanin ƙurungu a tudu ba ba zai gane abin da kunnena ya ji ba. Ka durƙusa kana kwasar su da hannu biyu. Kai ne ka koya wa rabin masuntan garin nan yadda ake kama ƙurungu ta bayan ƙaya, amma ran nan ba ka da lokacin bin ƙa'idarka. Ƙaya ta shige tafin hannunka na dama ta karye a ciki. Randa ta tara, wadda ran nan babu kifi a ciki, ta tsira ne don Inna Kulu, matarka, ta yi maza ta rufe ta da faifai ta ɗora moɗa a kai, aka ɗauka ruwan sha ne. A ciki ka zuba huɗun da ka samu da sauran rai, uku suka rayu.

Kwana ashirin ka yi kana jinya. Hannun ya kumbura har kafaɗa. Kullum ina zuwa, ina jiran ka zage ni in sami sauƙi, ba ka yi ba. Abin da kake tambaya kawai shi ne ko an sauya wa randar ruwa.

Yanzu masu yi maka ba'a su ne a gaba wajen cewa an yi rashin masani. Baturen ya rubuta cewa shiyar masunta ta tsabtata, ya wuce gari na gaba. Tsofaffin matan nan sun tsorata sun fitar da kifayen da ka ba su, kuma makon jiya ludayina ya fito cike da tsutsa a gida bakwai. Ban rubuta sunan kowa ba.

Ranar sadakar uku Inna Kulu ta sa aka kira ni. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Kai da ka iya maganarsu, mi ya riƙe bakinka?"

Ta ce in ɗauki randar, ita ba ta iya kallon ta, kuma idan ta gama takaba Rabah za ta koma wurin danginta. Na ɗauko. Mai rigingine na gane shi. Sauran biyun na zauna na duba gashin bakinsu har idona ya gaji, ban san wane ne wane ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Maccido, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka yadda ka sanyaya wa ƙananan halittunSa, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kulu, da 'ya'yanka Turai da Sabuwa, da masuntan Wurno, Rabah da Goronyo. Allah Ya ba su haƙuri. Ni ban zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba, ban ga na cancanta ba.

Randar tana zaurena, a buɗe. An ce Baturen zai dawo bayan girbi. Idan ya nuna ta da sandarsa, zan ce masa ya leƙa. Kalmar da ka roƙe ni ke nan, Kawu, guda ɗaya tak, kuma ko ya leƙa yanzu, ba ka nan.