Tukunyar da Kiyashi Suka Ƙi

Jiya jikata 'yar jami'a ta ga kiyashi sun yi layi zuwa kwanon zuma, ta ce wai wani sinadari ne a kansu, dofamin, ke mayar da su inda suka taɓa jin daɗi. Na ce, "Yarinya, ban shiga aji ba, amma Gwaggo ta riga malamanku sani."

Gwaggo, yayar babana, ita ake kai wa tsingaron tsofaffin tukwane da garma ta tono a gonakin garinmu Saji, don ta faɗi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Sai ta jiƙa shi, ta ajiye bakin ramin kiyashi. In sun taru, ta ce, "Zuma mutanen dauri suka zuba a nan. Kiyashi ba ya manta daɗi."

Ina goyon fari na tsinci wata 'yar baƙar tukunya a gindin dutse, ko tsaga babu, ga rana tsaka amma sanyi ƙalau. Na so in riƙa dama wa ɗana koko a ciki. Na fara kai wa Gwaggo, ta ajiye ta bakin ramin. Kiyashin suka taho, suka tsaya ba su taɓa ta ba, suka koma suka kwaso ƙwansu, suka bar ramin gaba ɗaya.

"Mayar da ita, 'yar nan," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Abin da aka rufe a ciki ba abinci ba ne."

Na mayar na binne. Ɗan ya rayu, shi ne uban 'yar jami'ar. Gindin dutsen kuwa, har yau ban ga kiyashi a wurin ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya sa abin da muka binne ya ci gaba da barcinsa.