Fasfon da Na Hau Jirgin Ruwa da Shi

Shekara biyu bayan na ajiye aikin unguwarzoma a Tsafe, 'yata da ke aikin jinya a wata ƙasar Larabawa ta kira ni da hantsi, ina zaune ina tsince shinkafa a gidanmu na Tudun Wada a Gusau. Ta ce ita da mijinta sun kama ɗakuna biyu a wani babban jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ke tashi daga garinsu ya yi kwana bakwai yana zagaya tashoshin ƙasashe uku, sannan ya dawo inda ya taso. Ɗaki ɗaya nasu, ɗaya nawa.

Ban taɓa tsayawa a bakin teku ba. Sau ɗaya na hango shi ta tagar jirgin sama, lokacin da muka je Hajji da marigayi maigidana. Tun ba ta rufe baki ba na ce na yarda.

"To Inna, ki ɗauko fasfonki ki ɗauki hoton shafin da ke da fuskarki, ki turo mini yanzu."

Na zaro shi daga ƙarƙashin zannuwa a akwati, na tura. Ko shinkafar ban wanke ba ta sake kira, muryarta ta sauya. Ta ce fasfon zai ƙare wata huɗu bayan ranar dawowarmu, kamfanin jirgin kuma ba ya barin kowa ya hau sai fasfonsa na da sauran wata shida cif bayan an gama tafiyar.

Na ce, "Kwana bakwai fa kika ce. Ba zama zan yi musu ba."

Ta ce, "Kowace tasha ƙasar wasu ce, Inna, kowa da dokarsa. A bakin ƙofa za su duba, in bai cika ba su mayar da ke, ko da tikiti a hannunki. Kuma biza ma ba za a nema ba sai a kan sabon fasfo."

Saura wata uku da 'yan kwanaki a tashi. Na ce mata ta bar ɗakin kamar yadda yake, zan sabunta.

Washegari na je ofishin fasfo. Jami'in da na samu mutum ne mai natsuwa. Ya karɓi tsohon fasfon, ya nemi lambar katin ɗan ƙasa, ya shigar a kwamfuta. Sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar.

"Hajiya, duba nan. A fasfo sunan mahaifinki ke bin naki, a katin ɗan ƙasa sunan mijinki ne. Shekarar haihuwa ma akwai bambancin shekara biyu. Na'ura ba za ta karɓa ba sai sun zama ɗaya."

Laifin nawa ne, na kuma sani. Lokacin da zan shiga makarantar unguwarzoma shekaruna ba su kai ba, na ƙara biyu a takardar neman shiga. Shekarar ta bi ni cikin fayil ɗin aiki, da aka zo yin katin ɗan ƙasa na karanta musu abin da ke fayil, har da sunan maigidana da kowa ke kirana da shi a asibiti. Fasfon kuwa maigidan ne ya cika takardunsa tun mahaifina na raye, a wurinsa ya samo shekarar haihuwata.

Jami'in ya rubuta mini abin da zan kawo: takardar rantsuwa daga kotu, wadda wani babba a dangi da ya san haihuwata zai sa wa hannu, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarmu. Da su za a gyara katin ɗan ƙasa, sannan in dawo wurinsa.

A cikin keke napep ina komawa gida abin ya ba ni dariya, ya kuma ɗan sosa mini rai. Shekara talatin da ɗaya na yi ina rubuta katin haihuwa, ina faɗa wa masu jego su adana shi a leda kada ruwa ya taɓa. Ni kuwa a ɗakin kakata aka haife ni a Kekun Waje, ba wanda ya rubuta komai.

Cikin waɗanda suka ga haihuwata mutum ɗaya ya rage, yayana, wanda bai taɓa barin gonar mahaifinmu ba. Na tambayi direbobi a tasha yadda hanya take, suka ce lafiya lau in dai da safe ne. Na shiga motar Bungudu, daga nan na ƙarasa.

Na tarar da shi a ƙofar gida yana ɗaure dammunan gero. Bayan mun gaisa, matarsa ta kawo fura, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, bai ɗago kai ba.

"Mi za ki yi bisa ruwa da shekarunki? In Umara ce, yau in bi ki kotu. Amma yawo?"

"Yaya, 'yarka ce ta gayyace ni, da mijinta za mu."

"Ni ban taɓa shiga kotu ba, ko shaida. Ba zan fara don yawon jirgi ba."

Ban yi masa musu ba. Na san shi tun muna yara, in aka matsa masa ƙara ƙafewa yake. Na ce wa matarsa ta gyara mini shimfiɗa, zan kwana. Na kwana biyu. Na taya ta sussuka, na duba wata jikarsu mai ciki wata bakwai, na ga ƙafafunta sun kumbura, na sa mijin ya kai ta awo a ranar. Maganar kotu ban sake tayar da ita ba, amma kowace safiya in na gaishe shi sai in ajiye jakar takarduna a gefen tabarmarsa.

Rana ta uku bayan sallar asuba ya aiko a kira ni. Na same shi da wata tsohuwar takarda a hannu, ta yi ja don daɗewa. Takardar gama firamarensa ce.

Ya ce, "Da sanyin da aka yi mini kaciya aka haife ki. Ina kwance a zaure na ji guɗa, aka ce Inna ta sauka. Ina da bakwai lokacin. Ga shekarata nan malamai sun rubuta, ki lissafa."

Na lissafa, ta faɗa daidai kan shekarar da ke fasfo.

"Abin da na sani kaɗai zan faɗa musu," in ji shi. "Kada wani ya ce in ƙara ko in rage."

Na ce abin da nake nema ke nan.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a muka tafi Bungudu. A kotu akawu ya karanta masa abin da aka rubuta, ya ce a sake karantawa, aka sake, sannan ya sa hannu da ajami. Takardar ƙaramar hukuma ba ta ba mu wahala ba, domin mai unguwarmu ya riga ya ba da tasa shaidar. Da za mu rabu a tasha ya ce mini in riƙa addu'ar hawa abin hawa kullum, ba ranar farko kaɗai ba.

Gyaran katin ɗan ƙasa ya ci kusan wata guda. Sun karɓi takarduna, suka ce sai an amince daga sama. Kowace Litinin da Alhamis nakan je da 'yar kujerata ta roba, in zauna a inuwar darbejiya har a kira ni a ce tukuna. 'Yata ta fara cewa ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Na ce mata a'a. Na ga mata da yawa sa'annina da suka ce baɗi, gwiwa ta hana su.

Ranar da gyaran ya fito, kai tsaye ofishin fasfo na wuce. Aka ɗauki hotona, aka ce in ɗora yatsu a kan gilashin na'ura. Na ɗora, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta goge yatsuna, muka sake, ta ƙi. Sai ta kama hannuna ta juya shi.

"Hajiya, lalle ne. Ya rufe zanen yatsun."

Kwana uku kafin nan aka yi sunan jikar maƙwabciyata, na zauna aka ƙunsa mini har ya yi baƙi. Ko kaɗan ban kawo abin a raina ba. Ta ce in dawo in ya kwashe. Na koma gida na sayi lemun tsami, safe da yamma ina dirza yatsuna da shi da toka, na karɓe wankin gidan gaba ɗaya daga hannun matar ɗana, har tana tambaya ko ta yi wani laifi ne. Kwana tara na koma. Yatsu takwas suka hau nan take, manyan biyun sai da aka yi ta gwadawa.

Saura kwana ashirin da huɗu a tashi sabon fasfo ya zo hannuna. A bakin ofishin na ɗauki hoton shafin na tura. 'Yata ta nemi bizar shiga ƙasarsu da ta sauran tashoshin, ni kuma na je na sabunta katin allurar shawara, tunda ta ce ana iya tambaya. Biza uku suka fito. Ta tasha ta ƙarshe ba ta fito ba har na bar Gusau. Surukina ya tuntuɓi kamfanin, suka ce a wannan tashar zan iya zama cikin jirgi, amma ba zan taka ƙasa ba. Na ce na amince.

A tashar jiragen ruwa layi ne dogo, kamar na filin jirgin sama. Matar da ke kan tebur ta buɗe fasfona, ta dubi ranar ƙarewarsa, ta dubi fuskata, ta duba bizojin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta miƙo mini wani kati mai hotona, ta jefa fasfon cikin wani akwati a gefenta. Na riƙe bakin teburin.

"Ina za ta kai shi?"

'Yata ta ce haka suke yi, su ke riƙewa don jami'an kowace tasha su duba, katin shi ne shaidata a cikin jirgi, shi ne kuma makullin ɗakina. Na ce to a ba ni takardar da ke nuna sun karɓa. Matar ta yi murmushi ta ba ni wata 'yar takarda mai lamba. Na ninke ta na sa a lalitata, sannan na matsa.

Na sauka a tashoshi biyu na farko, na taka kasuwanninsu, na sayi turare da dabino. A ta uku 'yata ta ce za ta zauna da ni. Na ce su tafi, ba jinya take yi ba. Bayan sun sauka na hau bene na sama na sami kujera a inuwa. Garin na nan gabana, fararen gidaje a jikin dutse, masunta na jan ƙananan jiragensu. Wata tsohuwa da ita ma ba ta sauka ba ta zauna kusa da ni. Ba ma jin yaren juna. Ta nuna mini hotunan jikokinta a waya, na nuna mata nawa, muka sha shayi. Da azahar ta yi na tsayar da wani ma'aikaci na tambaye shi alƙibla, domin jirgin ya juya tun safe. Ya duba wayarsa ya nuna mini wajen da teku ya buɗe, na shimfiɗa sallayata a nan.