Takwas a Kan Ƙanƙara

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai ni ƙasar da ba ta san hunturu ba, ya kuma ajiye abincina a cikin ƙanƙara.

Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, aiki ya zaunar da ni. A hawa na huɗu na wani katafaren kanti akwai wurin wasan zamiya, kashi biyu. Na farko farar darduma ce mai gangara, inji yana jan ta sama a ƙarƙashin ƙafarka, a nan ake koyo. Na biyu ɗakin sanyi ne, inda ake barbaɗa dusar ƙanƙara a kan tudu. Na daɗe ina koyarwa a wurin, da alluna biyu dogaye da ake ɗaurawa a ƙafa, da allo guda mai faɗi wanda samari suka fi so. Dokarmu ita ce ba mai shiga ɗakin sanyi sai ya iya tsayar da kansa.

Bayan kullen korona aka bar mu mu buɗe, amma da sharaɗi: takunkumi, tazara, kuma ba a taɓa ɗalibi. A da hannu nake sawa in gyara wa mutum gwiwa. Yanzu sai baki, shi ma a rufe.

A kwanakin nan wani dattijo Bamalaye ya zo daga unguwar Sentul. Ina ce masa Pakcik, wato kawu, shi kuma yana ce mini Cikgu, wato malam, ko da yake ya haife ni. 'Yarsa tana aiki a arewacin Japan, iyakoki a rufe, ya kusa shekara biyu bai gan ta ba. Ya yi mata alkawarin ranar da aka buɗe hanya zai zo su gangaro tudu tare. Matsalar ita ce kunnensa ya yi nauyi, motsin leɓe yake bi ya gane magana, ni kuwa leɓena yana cikin takunkumi.

Tsayawa ba ta da wuya. Ka haɗa kawunan allunan a gaba, ka ware bayansu. Abokan aikina yankan fiza suke cewa, abincin nan na Turawa da ake yankawa da tsini. Na yi ta ihun fiza, Pakcik yana kallona.

"Cikgu, yunwa kake ji ne?" in ji shi. "Sai maganar abinci, ko azahar ba a yi ba."

Ranar sau biyu yana faɗuwa. Manajar wurin, wata mata mai kirki amma mai tsoron asibiti, ta ja ni gefe ta ce mutum mai shekarunsa ba ya faɗuwa sau uku a gabanta. In ya sake, darasi ya ƙare.

Sati na gaba muna sa takalma ya hango ɗan littafin da nake rubuta sunayen ɗalibai da ajami. Ya karɓa yana juyawa, yana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, bai san Hausa ba amma yana fitar da sauti daidai. Ashe malamin Jawi ne, rubutun Malayanci da baƙaƙen Larabci, da shi ya yi ritaya. Nan take dabara ta faɗo mini. Na ɗauko farin allon da muke rubuta jadawali, na zana takwas ta Larabci, mai kama da jinka, kai a haɗe ƙafafu a ware. Na nuna ƙafarsa. Idonsa ya yi haske.

"Boleh," ya ce. Zai yiwu.

Na tsaya a gindin darduma ina fuskantarsa, na kunna inji, na ɗaga allon rubutun. Sai na ga mutumin ya ware kawunan allunan ya haɗa bayansu. Bakwai ke nan, mai baki buɗe, wadda ke tsaga mutum gida biyu. Na danna makashin inji. Bai faɗi ba, ya dai rungume ƙarfen riƙo yana haki. Manaja ta riga ta miƙe daga kujerarta.

Na rubuta masa da Jawi: takwas na ce.

"To me na yi maka? Duba da kyau," in ji shi.

Na dubi ƙafarsa daga inda nake tsaye. Wallahi takwas ce, tsaf, ba gyara. Daga wajena ce take takwas.

"Duk rayuwata yara suna zaune gabana," ya ce, "ni kuma ina rubutu a kife don su karanta daidai. Kai ne mai dubawa, na rubuta maka."

Dariya ta kama ni har takunkumi ya jiƙe. Na goge allon da gefen hannu na rubuta: Pakcik, yau kai ne mai karatu. Rubuta wa kanka.

Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce alifina ya karkace, amma ya gane.

Na roƙi manaja ta ƙara mana sau ɗaya. Ta ɗaga yatsa guda. Na yi bisimilla na kunna. Dattijo ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsa, ya haɗa kawunan a hankali kamar mai gudun tawada ta ɗiga, ya tura dugadugai waje. Darduma tana gudu a ƙarƙashinsa, shi yana wuri ɗaya. Ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, sannan da ɗayan. Na ƙara gudu, ya ƙara warewa. Sau biyar muka yi, bai ko yi tangaɗi ba.

Na koyar da mutane da yawa, har da waɗanda suka fi ni iyawa daga baya, amma ban taɓa jin ƙirjina ya cika kamar ranar ba. Baƙaƙen da na koya a zaure ina yaro, waɗanda wasu ke gani ba sa kai mutum ko'ina, su suka riƙe wannan bawan Allah a tsaye.

Manaja da kanta ta ɗauko rigar sanyi mai kauri ta miƙa masa. Na tura ƙofar ɗakin sanyi, iska ta daki fuskokinmu. Pakcik ya durƙusa ya damƙi dusar da hannu, ya ce in ɗauke shi hoto kafin ta narke, 'yarsa tana jira.